Dalilin da Ke Sa Hoto Ya Dushe In An Zuƙo Shi da Kyamarar Bidiyo



Maganar da zan yi a yau ta shafi wani abu ne wanda kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa gani da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Ana kallon bidiyon wani taro, ko na biki, ko na lacca, hoto yana fitowa tar, sai mai ɗauka ya so ya jawo fuskar mai magana kusa. Yana fara zuƙowa sai fuskar ta narke ta zama dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashi man gyaɗa. Wani lokaci kuma akasin haka ne, watau fuska tana nan fes sa'ad da aka zuƙo ta, amma da an ja baya don a nuna jama'a sai kome ya dushe. Mutane sukan ce kyamarar ce ba ta da kyau, ko su ce mai ɗaukar ne bai iya ba. A ganina kowace magana daga cikin biyun nan tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ya ɓace shi ne nake so mu nemo.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta masu sana'a kaɗai. Ƙungiyarmu takan ɗauki laccocin dattawan malamai, waɗansunsu sun haura shekara tamanin, kuma ba wanda zai iya ce musu su dawo su maimaita. Takan ɗauki ƙidayar ƙuri'u a zaɓenta, inda ake bukatar a zuƙo takardar sakamako har alƙaluma su karantu, don kada gardama ta tashi daga baya. Ku kuma ma'aikata, nan gaba kaɗan waɗansunku ne za su sa hannu a takardar sayen kayan ɗaukar hoto na ma'aikatar watsa labarai ko na ƙaramar hukuma, da kuɗin talakawa. Hoton da ya dushe ba ya gyaruwa sosai a kwamfuta, kome ƙwarewar mai tacewa, domin abin da gilashi bai kama ba tun farko babu shi a cikin faifai.

To, bari mu fara da kalmomi, don mu san abin da muke nufi. Abin nan mai kamar gwangwani da ke gaban kyamara shi zan riƙa kira gilashi, ko da yake ba guda ɗaya ne a cikinsa ba, wani yakan ƙunshi fiye da goma sha biyar a jere. Aikinsa shi ne ya tattara hasken da ya taso daga jikin abu ya sauke shi a kan wani ɗan allo mai jin haske da ke cikin kyamara, wanda masu sana'a ke kira sansa. In hasken da ya taso daga ɗigo guda ya haɗu a ɗigo guda daidai a kan allon nan, sai mu ce saiti ya yi. In kuwa ya haɗu kafin ya kai allon, ko a bayansa, to abin da zai sauka ɗan da'ira ne maimakon ɗigo, kuma tarin irin waɗannan da'irori shi ne dishi-dishin da muke gani. Akwai kuma lambar da ake rubutawa a jikin gilashi da milimita, wadda zan kira tsawon gilashi, amma fa ba tsawon gwangwanin ake nufi ba. In lambar ƙarama ce, kamar 8, gilashi yana ɗauko fili mai faɗi. In babba ce, kamar 120, yana ɗauko ɗan wuri kaɗan ya cika hoto da shi. Gilashin zuƙowa shi ne wanda ake iya sauya wannan lamba tasa ba tare da an kwance shi ba.

Gilashin zuƙowa bai daɗe a duniya ba in aka kwatanta da kyamarar kanta. A 1932 kamfanin Bell & Howell ya fito da wani mai suna Cooke Varo, daga milimita 40 zuwa 120, don masu silima, amma nauyinsa da wuyar sha'aninsa sun hana shi yaɗuwa. Wajen 1946 wani masani haifaffen Ostiriya da ya koma Amurka, Frank Back, ya ƙera Zoomar, gidajen telebijin na can suka karɓe shi don nuna wasanni, tun da yake ɗan wasa ba ya tsayawa a sauya masa gilashi. Sai a 1956 Bafaranshe Pierre Angénieux ya fito da nasa, ya kuma bi bayansa a farkon shekarun 1960 da mai ninki goma, daga 12 zuwa 120, wanda masu ɗaukar labarai suka yi ta yayi. A daidai wannan zamani ne telebijin ya iso ƙasarmu, na Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962. Ke nan telebijin ɗinmu ya taso ne a zamanin gilashin zuƙowa da matsalolinsa.

Babbar matsalar da waɗannan maƙera suka yi fama da ita ita ce tamu ta yau. Don a sauya tsawon gilashi, dole a motsa wani rukuni na gilasan ciki gaba ko baya. Amma da zarar an motsa shi, wurin da haske ke haɗuwa shi ma ya gusa, ya bar kan allo. Saboda haka sai an sami wani rukuni na biyu wanda zai motsa a lokaci guda ya mayar da hasken inda yake. Tafiyar wannan rukuni na biyu ba miƙaƙƙiya ba ce, yakan yi gaba kaɗan sa'an nan ya juyo, shi ya sa ake sassaƙa masa wata lanƙwasasshiyar hanya a jikin ƙarfe, yana binta kamar jirgin ƙasa a kan dogo. In sassaƙar ta yi daidai, sai a sami gilashin da ke riƙe saitinsa daga faɗi har ƙurya. Turawa suna ce da shi fafokal, mu kuwa sai mu ce mai riƙe saiti. Wanda ba a yi masa wannan wahala ba, watau wanda dole a sake saita shi duk sa'ad da aka zuƙo, shi ne barifokal, mai sakin saiti. Dukansu biyu ana sayar da su da sunan gilashin zuƙowa, kuma ba safai ɗan kasuwa yake bambanta maka su ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

Yanzu sai mu zo ga kuskuren hannu, wanda shi ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙin magani. Ko da gilashi ya yi saiti a kan abu guda, akwai ɗan fili a gabansa da bayansa wanda ido ke karɓa a matsayin mai kyau, domin da'irorin nan ba su yi girman da za a lura da su ba. Wannan shi nake kira filin saiti. Filin nan yana ƙuntata ƙwarai in aka zuƙo, kuma ba a hankali yake ƙuntata ba. In tsawon gilashi ya ninka biyu, filin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka goma, ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Alal misali, a ɗauki kyamarar telebijin mai gilashin 8 zuwa 120, a buɗe ƙofar haskenta a lamba 2.8, mai magana yana tsaye mita 10 daga gare ta. A milimita 8, kusan kome zai fito fes daga wajen mita 2 har iyakar gani. A milimita 120, filin duka bai wuce santimita 40 ba, watau bai kai kamu ɗaya ba.

Kun ga ke nan inda tarkon yake. Mai ɗauka ya tsaya a faɗi, ya murɗa zoben saiti, ya ga hoto ya yi kyau, ya gamsu. Alhali kuwa saitinsa yana kan mita 5 ne, mai magana yana mita 10, faɗin fili ne kawai ya rufa masa asiri. Yana zuƙowa sai asirin ya tonu a gaban kowa. Gilashi bai yi laifin kome ba, bai taɓa yin saiti a kan mutumin ba tun farko. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa duk wanda ya shiga aikin telebijin ita ce, kafin a fara ɗauka, ka zuƙo har ƙurya a kan idon mai magana, ka saita a can, sa'an nan ka ja baya ka tsara hotonka yadda kake so. Ido ake zaɓa domin shi mai kallo ke fara nema, kuma yana da ƙyalli da gashin gira waɗanda ke nuna kaifi. In mai magana ya bar mumbari ya matso gaba, wancan saiti ya mutu, sai an sake.

Amma fa wannan ƙa'ida tana aiki ne kawai a kan gilashi mai riƙe saiti. A nan ne zamaninmu ya kawo sabon ruɗani. Tun daga 2008, sa'ad da Canon ya fito da 5D Mark II, kyamarorin da aka yi don hoto tsayayye suka fara ɗaukar bidiyo mai kyau, kuma a yau yawancin masu ɗaukar biki da masu ƙananan finafinai da irinsu suke aiki. Gilasan waɗannan kyamarori an ƙera su ne don mai ɗaukar hoto ɗaya ɗaya, wanda zai zuƙo, ya saita, ya danna. Ba ruwansa da abin da ya faru a tsakiyar zuƙowa, don haka maƙera ba su ɓata kuɗi a kan riƙe saiti ba, suka mayar da hankali wajen rage nauyi da farashi. Mai irin wannan gilashi zai bi ƙa'idar telebijin sau da ƙafa, ya saita a ƙurya, ya ja baya, saiti ya gudu. Waɗansu daga cikinsu suna kusantar riƙewa, har ba a lura, amma wannan sa'a ce, maƙerin bai yi alkawarinta ba. Ƙari a kan haka, allon waɗannan kyamarori babba ne, wani ya kai milimita 36 a faɗi, na kyamarar telebijin kuwa bai kai 10 ba. Babban allo yana bukatar dogon gilashi don ya ɗauko fili iri ɗaya, dogon gilashi kuwa mun riga mun ga yadda yake ƙuntata filin saiti. Wannan ne ke ba da hoton nan da samari ke so, fuska tar, baya a narke. Kyaunsa ba a musu, amma ba ya yafe kuskure ko kaɗan.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa, wadda kuma nake roƙon ku ba ni hankalinku a kanta, domin ita ce takan sa a jefar da kaya masu lafiya. Wannan ita ce ta hoton da ya yi kyau a ƙurya ya dushe a faɗi, alhali gilashin mai riƙe saiti ne na gaske. Ta yaya haka za ta faru, bayan mun ce faɗi shi ne mai yalwar fili? Amsar tana bayan gilashi, ba a gabansa ba. Kowane gilashi an ƙera shi ne bisa sharaɗin cewa allo zai zauna a wata tazara ƙayyadajjiya daga bakin da ake ɗaura shi. A bakin B4 na kyamarorin telebijin tazarar milimita 48 ce. A bakin PL na silima 52 ce, a EF na Canon 44, a F na Nikon 46.5, a E na Sony 18. In tazarar nan ta kauce, ko da kaurin takarda ɗaya ne, sassaƙaƙƙiyar hanyar nan da muka ambata ta zama tana kai haske wurin da babu allo. Wannan shi ake kira saitin baya, masu sana'a kuma sukan ce bakfokas.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ke nuna dalilin da ya sa faɗi ne ke shan wahala. A ce allo ya yi nisa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kimanin kaurin takardar rubutu, an kuma ɗora zoben saiti a kan iyakar gani. Don a san inda gilashin ke kallo a haƙiƙa, sai a ninka tsawonsa da kansa, a raba da kuskuren. A milimita 120, ninkin ya ba da 14,400, in an raba da 0.1 sai a sami milimita 144,000, watau mita 144. Tsakanin mita 144 da iyakar gani ɗan taɓa zobe kaɗan ne, mai ɗauka zai gyara shi ba tare da ya san ya gyara wani abu ba. A milimita 8 kuwa, ninkin 64 ne, in an raba da 0.1 sai a sami milimita 640. Ke nan gilashin da aka ce ya dubi nesa yana duban abin da ke santimita 64 ne daga gare shi. Wani zai ce ai gyaran da aka yi a ƙurya ya kamata ya biyo mu zuwa faɗi. Ba ya biyowa. A irin wannan gilashi zoben saiti rukunin gaba yake motsawa, kuma tasirin motsin nan a kan allo yana raguwa da ninkin zuƙowa sau kansa. Daga 120 zuwa 8 ninki 15 ne, 15 sau 15 kuwa 225, don haka abin da ya rage daga gyaran kashi ɗaya ne cikin 225. Kuskuren ya dawo kusan ɗungurungum.

Abin da ke ƙara rikitar da mutane shi ne ciwon nan yakan ɓuya da rana ya bayyana da dare. A filin wasa da tsakar rana ƙofar haske a tsuke take, a lamba 8 ko 11, kuma tsukakkiyar ƙofa tana sa haske ya shigo siriri, da'irorin su ƙanƙance, kuskuren kaurin takarda ya kusan ɓacewa. Da an shiga babban ɗakin taro da magariba, ƙofa ta buɗe zuwa 2, sassaucin da ke bayan gilashi ya ragu zuwa wajen kashi biyu cikin ɗari na milimita, sai hoto ya lalace. Mai ɗauka ya rantse cewa da safe ƙalau take, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan sai a fara zargin wuta, ko batir, ko wanda ya ara jiya.

Maganinsa a gilashin telebijin bai kai aikin minti goma ba. A can gindinsa, kusa da inda ya haɗu da kyamara, akwai wani siririn zobe mai ɗan kusa na ɗaurewa, yawanci an rubuta F.B. ko F.f a gefensa. A kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, a manna takardar gwaji a bango kimanin mita 3 daga gare ta. Takardar da aka fi amfani da ita ita ce tauraron Siemens, zanen baƙaƙe da fararen tsinkaye da suka haɗu a tsakiya kamar sandunan ƙafar keke, domin tsakiyarsa tana cakuɗewa da zarar saiti ya kauce. Ana iya buga shi a kowane shagon kwamfuta. A buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, wannan wajibi ne, in haske ya yi yawa a rage shi da baƙin gilashin tacewa da ke cikin kyamara, kada a tsuke ƙofa. A zuƙo har ƙurya, a saita da zoben gaba. A ja baya har iyakar faɗi ba tare da an sake taɓa zoben gaba ba, a sassauta kusan nan, a juya zoben baya har tauraro ya fito da kaifi. A sake zuƙowa, a sake saitawa, a sake ja da baya, sau biyu ko uku, har ya zama duka ɓangarorin sun yarda da juna, sa'an nan a ɗaure. Kafin duk wannan a duba zoben ɗaukar abu na kusa kusa, wanda aka rubuta wa M ko Macro, domin a wuri ɗaya suke zaune, kuma in hannu ya goce shi daga mazauninsa alamun ciwon iri ɗaya ne. Ana maimaita gwajin nan duk sa'ad da aka sauya gilashi, da bayan doguwar tafiya a mota kan hanya mai gargada, da kuma in zafi ya sauya sosai. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, kuma kyamarar da aka saita a ɗaki mai sanyi sa'an nan aka fita da ita rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura 40, ba lalle ne ta zauna yadda aka bar ta ba.

Gilasan silima yawancinsu ba su da wannan zobe, sai dai a kwance gindinsu a sa ko a cire waɗansu siraran zobba na ƙarfe, aikin da ke bukatar gwani da na'urar awo. Gilasan hoto tsayayye ma ba su da wannan zobe. Abin da ya fi ba ni tsoro a kasuwarmu shi ne mahaɗin nan mai araha da ake sawa don a ɗaura gilashin wani kamfani a kyamarar wani. Mai haɗa EF da E dole kaurinsa ya zama milimita 26 cif, watau 44 a ɗebe 18. Masu araha sukan gaza kaɗan, wani lokaci da gangan, don a tabbatar gilashi ya kai iyakar gani. Mai hoto tsayayye ba zai taɓa lura ba. Mai bidiyo kuwa ya sayi gilashi mai tsada mai riƙe saiti, ya lalata shi da ɗan zoben da bai kai kuɗin jakarsa ba.

Wani zai tambaye ni, duk wannan wahala ta mece ce, tun da kyamarorin yanzu suna saita kansu? Haƙiƙa sun ci gaba. Tsohuwar hanya ita ce kyamara ta yi ta motsa gilashi gaba da baya tana laluben inda hoto ya fi kaifi, abin da ke haifar da numfashin nan da ake gani a tsofaffin bidiyon biki. Sabuwar hanya, irin wadda Canon ya sa a 70D a 2013 da makamantanta na sauran kamfanoni, tana auna wajen da kuskure yake da girmansa, ta tafi kai tsaye, har ta gane fuska da ido. Ƙananan kyamarorin bidiyo masu gilashi a manne kuma sun daɗe suna riƙe saiti da dabara, watau an rubuta lanƙwasasshiyar hanyar nan a ƙwaƙwalwarsu, ɗan inji yana tura rukunin baya bisa ga lissafi. In aka zuƙo a hankali suna bi daidai, in aka fizga sai injin ya makara, hoto ya dushe na ɗan lokaci kafin ya kamo. Amma inji bai san wanda ya fi muhimmanci a taro ba. Mai rabon ruwa ya gitta, sai ya bar shaihin malami ya bi shi. Makirfo yana gaban baki, sai ya zaɓi makirfo. A duhu, ko a cikin ƙurar hunturu inda kome ya yi fari fari, yakan rasa abin kamawa. Ra'ayina shi ne a yi amfani da shi inda mutum ɗaya ke yawo cikin haske, a kashe shi inda mai magana ke tsaye wuri guda. Wayar hannu kuwa maganarta daban ce: yawancinsu ba sa zuƙowa da gilashi, tsalle suke yi daga ƙaramar kyamara zuwa wata, a tsakani kuma suna yanko tsakiyar hoto su buɗa shi. Dushewar da ake gani a nan ƙarancin ɗigo ne, ba a gyara ta da saiti, sai dai a matsa kusa da ƙafa.

Ya kamata mu yi wa magabata adalci, mu kuma gane cewa aikinmu ya fi nasu tsanani ta wannan fuska. Sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin VHS ne ke yawo a gidaje, kuma kaifinsa bai wuce layi 240 ba. Ƙaramin kuskuren saiti yakan nutse a cikin laushin kaset ɗin kansa. Yau ana ɗauka da ɗigo 1920 a faɗi, ko 3840, ana kallo a allon da ya kusa cika bango. Abin da kaset ya ɓoye jiya, yau a fili yake. Ga shi kuma ɗan allon da ke jikin kyamara wajen inci 3 ne kawai, kome yana yin kyau a cikinsa. Kada a amince da shi haka kawai. A yi amfani da maɓallin da ke faɗaɗa tsakiyar hoto, ko wanda ke shafa launi a gefen abin da ya yi kaifi, kuma mai leƙawa ta ƙaramar taga ya fara daidaita ta da idonsa har rubutun cikinta ya fito sosai, musamman in mai tabarau ne ya riƙe kyamarar kafin shi.

Kada kuma a ce tun da tsuke ƙofa yana rufe kuskure, sai a tsuke ta har ƙarshe. In ta wuce 11 a kan ƙaramin allo, haske yakan watse a gefen ƙofar, hoto duka ya yi laushi. Haka nan gilasai da yawa sukan rage haske da kansu in an kai ƙurya, wanda aka rubuta wa 3.5 zuwa 5.6 misali ne, don haka hoto yana yin duhu ana cikin zuƙowa. Ni dai a ganina yawan zuƙowa ana cikin ɗauka ma ba ado ba ne. Stanley Kubrick ya yi shi a Barry Lyndon a 1975, yana ja da baya sannu sannu daga abu ɗaya har fili ya buɗe, amma kowanne da dalilinsa. Mai ɗaukar taro da ke kai da komo kamar mai jan guga jiri kawai yake sa wa masu kallo.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, akwai wurin da wannan magana za ta same ku ko ba ku taɓa riƙe kyamara ba, watau kyamarorin tsaro da ake kafawa a ofisoshi da makarantu. Yawancin gilasansu masu sakin saiti ne, ana zaɓar faɗin da ake so, a saita, a ɗaure. Ɗan kwangila yakan yi wannan da rana tsaka, ya karɓi takardar kammala aiki, da dare kuwa ƙofa ta buɗe, fitilar da ido ba ya gani ta kama, haskenta kuma ba ya haɗuwa a inda hasken rana ke haɗuwa sai a gilashin da aka yi musamman don haka. Ranar da aka nemi fuskar ɓarawo sai a tarar da inuwa. Akwai ma baki iri biyu masu kama da juna, C mai tazarar milimita 17.5 da CS mai 12.5, kuma in aka ɗaura gilashin C a kyamarar CS ba tare da zoben milimita 5 ba, ba zai taɓa yin saiti ba. Ku nemi a nuna muku hoton dare kafin ku sa hannu.

In kuwa kyamarar ɗaukar taro ce za a saya, a rubuta a takardar oda cewa gilashin ya zama mai riƙe saiti, kuma ranar da aka kawo kaya a gwada a gaban mai kawowa. A kashe saitin inji, a buɗe ƙofar haske, a manna shafin jarida a bango, a zuƙo har ƙurya a saita a kan rubutu, a ja baya a hankali ana ɗauka, sa'an nan a kalli abin da aka ɗauka a babban allo. In rubutun ya dushe a hanya kuma zoben baya bai gyara shi ba, ba abin da aka yi oda ba ne, a mayar. Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su yi wa kyamarar ƙungiya wannan gwaji kafin taro na gaba, su kuma ajiye tauraron gwaji guda a cikin jakarta.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.